Ziyara Zuwa Kufan Bibrakte, Birnin Galiyawa Na Kan Tsauni

A tsakiyar ƙasar Faransa, cikin yankin Burgundi, akwai wani tsauni mai suna Beuvray, wanda tsayinsa ya kai mita 821. Wanda ya hango shi daga nesa ba zai ga komai ba sai kurmi. Amma shekara dubu biyu da 'yan kai da suka wuce, birni guda ne a kansa, da ganuwarsa da ƙofofinsa, da unguwannin maƙera, da gidajen attajirai. Sunan birnin Bibrakte, shi ne kuwa babban birnin Eduwawa, ɗaya daga cikin ƙabilun da suka fi ƙarfi a ƙasar Galiya.

A wannan shekara muna so mu ɗauki ɗalibanmu da sauran masu karatu mu zaga da su wannan kufai, tun daga gindin tsauni har samansa. Dalilin da ya sa muka zaɓe shi kuwa shi ne: Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to, Galiyawa ba su sami rera tasu ba. Ba su bar littafin tarihi ko guda ba. Mutumin da ya ci su da yaƙi, watau Yuliyus Kaisar, shi ne ya rubuta labarinsu, ana kuma kyautata zaton a kan wannan tsauni ya zauna ya haɗa littafin nasa. Saboda haka shaidu biyu ne a gabanmu. Na fari littafin Kaisar, na biyu kuwa ƙasar da ta rufe birnin. Amfanin ziyarar shi ne mu ji ta bakin na biyun.

Su Wane Ne Galiyawa?

Galiya ita ce ƙasar da a yau ta ƙunshi Faransa da Beljiyam da wasu sassa na Suwizalan da Jamus. Mutanenta suna cikin babban dangin nan da ake kira Keltawa. Ɗaliban da suka san Wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa za su so su sani cewa Galatiyawan nan 'yan uwan Galiyawa ne, gama kakanninsu Keltawa ne da suka ƙetara zuwa Asiya Ƙarama wajen shekara ta 278 kafin haihuwar Almasihu. Daga nan gaba za mu riƙa taƙaita wannan da K.H.A., mai karatu kuma ya tuna cewa irin waɗannan shekaru raguwa suke yi, watau 58 ta riga 52 zuwa.

Galiyawa ba ƙasa ɗaya ba ce mai sarki ɗaya. Ƙabilu ne masu yawa, kowace da ƙasarta da majalisarta, sau da dama kuma suna gāba da juna. Ƙasar Eduwawa tana tsakanin manyan koguna biyu, Saône da Loire, saboda haka duk fataken da suka taso daga kudu za su arewa sai sun ratsa ta, sun biya kuɗin fito da na hanya. Daga nan arzikinsu ya fito. Tun a ƙarni na biyu K.H.A. suka ƙulla amana da Roma, har majalisar Roma tana kiransu 'yan uwa.

Ba su da sarki mai gādo. Kowace shekara sukan zaɓi shugaba guda, wanda ake kira bergobret, yana da ikon yanke hukuncin kisa, amma doka ta hana shi fita daga iyakar ƙasar muddin yana kan mulki. Suna kuma da malaman addini da ake kira duruwid, su ne alƙalai, su ne masu koyar da samari. Kaisar ya ba da labari cewa ɗalibi yakan yi har shekara 20 yana haddace karatunsu, kuma sun hana a rubuta shi, ko da yake suna amfani da haruffan Girkanci wajen lissafi da sauran harkokin yau da kullum. Wannan hani shi ne ya jawo waƙoƙinsu da tarihinsu suka bi su kabari.

Yadda Aka Gano Birnin

Shekaru aru-aru masana suna ɗauka cewa Bibrakte ita ce garin Autun na yanzu, wanda yake wajen kilomita 25 gabas da tsaunin. Manoman yankin kuwa suna ta faɗi cewa kakanninsu sun ce akwai tsohon birni a kan Beuvray, amma ba a ɗauki maganarsu da nauyi ba.

Wani ɗan kasuwa mai sayar da ruwan inabi a Autun, mai suna Jacques-Gabriel Bulliot, shi ne ya tsaya kai da fata cewa manoman ne suke da gaskiya. A lokacin Sarki Napoleon na Uku yana rubuta tarihin Yuliyus Kaisar, yana kuma ba da kuɗi a tona wuraren da aka ambata a yaƙin Galiya. Da wannan taimako Bulliot ya fara haƙa a 1867, ya yi ta yi kusan shekara 30. Daga hannunsa wani ɗan uwansa, Joseph Déchelette, ya karɓa, ya ci gaba har 1907. Déchelette ya gwada kayan da aka tono a nan da waɗanda aka samu a Manching ta Jamus da Stradonice ta ƙasar Cek, ya ga kusan iri ɗaya ne. Da haka ya nuna cewa kafin Romawa su iso, akwai birane masu ganuwa da al'ada guda tun daga Faransa har tsakiyar Turai. An kashe shi a fagen fama a 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, aiki ya tsaya, daji ya sake rufe ramukan.

Sai a 1984 aka koma, da goyon bayan shugaban Faransa na lokacin, François Mitterrand, wanda ya daɗe yana magajin garin Château-Chinon da ke kusa. A 1985 ya hau tsaunin ya ayyana shi wurin tarihi na ƙasa. Tun daga nan jami'o'in ƙasashen Turai da dama suke aiko malamai da ɗalibai kowace shekara a watannin zafi, kowace ƙungiya da yankin da take tonawa. An gina musu cibiyar bincike a ƙauyen Glux-en-Glenne, aka kuma buɗe gidan adana kayan tarihi a gindin tsaunin a tsakiyar shekarun 1990. Duk da wannan aiki, ɗan yanki kaɗan ne na birnin aka tona ya zuwa yanzu.

Ganuwa Da Ƙofa

Daga gidan tarihin za mu fara. Ya kamata baƙo ya shiga nan tukuna, domin a can sama galibi tushen gini ne kawai zai gani, kayan da aka tono kuwa, da siffofin gidaje da aka sake ƙerawa, suna nan ƙasa. Ko filin ajiye motoci ma yana da labari, gama sa'ad da ake shirin gina shi aka tarar da maƙabartar birnin a wurin. Mutanen Bibrakte ƙone gawa suke yi, su binne tokar a cikin 'yan filaye masu kusurwa huɗu da aka kewaye da rami. Maƙabartar tana bayan ganuwa, a bakin hanyar shiga gari.

Idan muka kama hawa ta cikin kurmi, za mu ga wasu itatuwa a jere, a karkace, rassansu sun murɗe sun shiga juna, gansakuka ta lulluɓe su. Baƙi da yawa sukan zaci tun zamanin Galiyawa suke. Alhali kuwa ragowar shinge ne. Manoman 'yan ƙarnukan baya sukan tanƙwara rassan ɗanyen itace su saƙa su domin tsare dabbobi, da aka daina gyara shingen sai itatuwan suka girma a haka. Wannan shi ne darasin farko na mai ziyarar kufai: ba duk abin da ya yi kama da tsufa ne yake da shekarun da ido ya ba shi ba.

Ganuwa biyu ce ta kewaye tsaunin. Ta waje tsawonta kimanin kilomita 7, ta rufe fili wajen hekta 200. Ta ciki kuwa ta ɗan ɗara kilomita 5, ta rufe hekta 135. Hankali zai ba mutum cewa ta cikin ce ta fari, da gari ya bunƙasa aka ƙara ta waje. Bincike ya nuna akasin haka. Ta waje aka fara ginawa, wajen ƙarshen ƙarni na biyu K.H.A., daga baya aka ja da baya aka gina ta ciki. A yau dukansu sun zama dogon tudu a ƙarƙashin ganyaye, mutum yana iya bin bayansu da ƙafa.

Domin baƙo ya ga yadda take a dā, an sake gina babbar ƙofar arewa maso gabas, wadda ake kira Ƙofar Rebout, a daidai inda take. Faɗin mashigarta ya kusa mita 20. Ga yadda suke ginin: a shimfiɗa gumagumai a ƙasa, waɗansu a tsaye da layin ganuwar, waɗansu a gicciye, a kafe mahaɗarsu da dogayen ƙusoshin ƙarfe masu tsawon taƙi guda ko fiye. Sa'an nan a cika tsakaninsu da ƙasa da tsakuwa, a jera duwatsu a fuskar waje, kawunan gumaguman suna leƙowa. A sake ɗora wani hawa a kan wannan, har ganuwa ta kai tsayin da ake so. Kaisar ya bayyana irin wannan gini sa'ad da yake ba da labarin wani birni mai suna Abarikum, ya kuma yaba shi, yana cewa dutsen yana hana wuta ci, katakon kuma yana hana gungumen fasa ganuwa rushe ta. Da masu haƙa suka buɗe tudun Beuvray, katakon ya riga ya ruɓe, amma sun tarar da gurabensa a cikin ƙasa, ƙusoshin kuma suna nan a inda maƙera suka kafa su. A nan shaidun namu biyu sun yi daidai.

Sai dai ƙasar ta ƙara mana abin da littafin bai faɗa ba. Mai karatu ya auna yawan itacen da aka sare, da taman da aka narke aka ƙera ƙusoshi na ganuwa mai kilomita 5, da mutanen da aka ciyar har aka gama. Ba a yin wannan sai da hukuma mai iya tara jama'a, da rumbuna cike, da gwanayen sana'a. Ƙofa mai faɗin mita 20 kuma tana da wuyar tsarewa ranar yaƙi, abin da ya sa masana suke ganin an yi ta ne har da nufin nuna isa ga duk baƙon da ya tunkaro.

Unguwar Maƙera

Da shigarmu ƙofa sai babban titi ya miƙe ya nufi tsakiyar gari. Dama da hagu, a gangaren da ake kira Champlain da Côme Chaudron, nan ne unguwar masu sana'a. Ɗakunansu na katako ne da yaɓen ƙasa, saboda haka abin da ya rage shi ne guraben ginshiƙai, da daɓe, da gurbin murhu da ya ƙone ya yi ja. Daga irin waɗannan alamu, da ɓarɓashin da ke zube a daɓen, ake gane aikin da aka yi a kowane ɗaki. Inda aka sami kashin ƙarfe da ɓawon da ke tashi in ana dukan jan ƙarfe, maƙerar baƙi ce. Inda aka sami fasassun kaskon narka da ɗigon tagulla, ta masu zubi ce.

Suna ƙera kayan noma, da wuƙaƙe, da kayan doki, da maɗaurin riga mai kama da babban fil. Akwai kuma shagunan masu ado da jan gilashi. Sukan zana ƙananan layuka a kan tagulla, su narka gilashi ja a kai, in ya huce su goge, sai jan ya zauna cikin zanen.

Ana kuma buga kuɗi a birnin. Eduwawa suna da sulallan azurfa da suka daidaita nauyinsu da kuɗin Roma domin ciniki ya yi sauƙi. A kan waɗansu akwai sunan Dumnoriks, wani basarake da Kaisar ya yi ta kuka da shi a littafinsa, yana zarginsa da kwaɗayin sarauta da ƙin Romawa. Sojojin Kaisar sun kashe shi a 54 K.H.A., da ya ƙi bin rundunar zuwa Birtaniya. A littafin mai laifi ne, a kan sulen kuwa ga shi tsaye da kayan yaƙi yadda shi kansa ya so a gan shi. Wansa Dibisiyakus, wanda duruwid ne, abokin Romawa ne na ƙut da ƙut, har ya je Roma ya sadu da Sisero. Gida guda ke nan ya rabu biyu a kan tambaya ɗaya: a bi Roma ko a ƙi ta? A kan waɗansu tukwane kuma an sami sunayen masu su an karce da haruffan Girkanci, shaidar cewa rubutu bai tsaya ga manya kaɗai ba.

Tsakiyar Gari Da Tulunan Italiya

Gaba kaɗan za mu iso wani fili da ake kira Pâture du Couvent, watau makiyayar gidan sufaye, domin sufaye mabiya Faransis sun zauna a wurin ƙarnuka da yawa bayan birnin ya mutu. A tsakiyar titi akwai wani wurin tara ruwa da aka gina da sassaƙaƙƙen jan dutse, siffarsa kamar kwalekwale, tsawonsa wajen mita 10. Wanda ya zana shi ya san lissafin da'ira, gama gefunansa biyu sassan da'ira biyu ne da suka ratsa juna. An yaɓe bayansa da yumɓu domin kada ruwa ya tsiyaye.

Abin da ya fi yawa a wannan wuri, da ma ko'ina a birnin, shi ne fasassun tuluna. Dogayen tuluna ne masu hannu biyu da tsinin gindi, kowane yana cin wajen lita 25 na ruwan inabi. Daga yammacin Italiya aka kawo su, a jirgin ruwa ta Bahar Rum, a hau kogin Rhône, a shiga Saône, sa'an nan a ɗora su a keken shanu har kan tsauni. Yawansu ya kai har da ɓaraguzansu aka riƙa daɓe tituna. Wani marubucin Girka na wancan zamani, Diyodoras, ya ce fataken Italiya sukan karɓi bawa guda a bakin tulu guda. Ko da ya ƙara gishiri, maganar ta nuna mana abin da ke fita daga Galiya a madadin abin sha: bayi, da ƙarafa, da kayan gona.

Waɗannan tuluna sun fara isowa tun kafin sojan Roma ya taka ƙasar. Ma'ana, manyan Eduwawa sun riga sun saba da kayan Roma, martabarsu a wurin biki ta dogara ga abin da fatake suka kawo. Wanda ya karanta littafin Kaisar kaɗai zai ɗauka da takobi aka ci Galiya cikin shekara takwas, daga 58 zuwa 51 K.H.A. Titunan Bibrakte suna nuna cewa kasuwa ta riga takobi shiga da shekaru masu yawa.

A wannan fili dai aka tono tushen wani babban gini mai ginshiƙan dutse, irin zauren taro da shari'a na Romawa, wanda aka gina ba da daɗewa ba bayan yaƙin. Yana cikin mafi tsufan irinsa da aka sani a arewacin tsaunukan Alps.

Babban Gida

Daga nan hanya ta kai mu Parc aux Chevaux, unguwar masu hannu da shuni. Gidan da ya fi girma a nan ya ci fili wajen murabba'in mita 3,500. An gina shi da dutse da farar ƙasa bisa tsarin gidajen Italiya: zaure mai buɗaɗɗen rufi da ke tara ruwan sama, tsakar gida mai ginshiƙai kewaye, da ɗakin wanka mai ɗumi. Da masu bincike suka haƙa ƙarƙashinsa, sai suka tarar da gidaje a kan gidaje. Na can ƙasa na katako ne da yaɓe irin na Galiyawa, kowane na bisansa kuma ya fi na ƙasa kama da na Roma. Cikin abin da bai kai shekara 100 ba, masu wannan fili suka sake fasalin zamansu ɗungum.

Wannan shi ne babban ƙa'idar aikin tonon kufai: abin da ke ƙasa ya riga na bisansa. Shi ya sa mai haƙa yake tafiya a hankali da ɗan cokalin magini da buroshi, yana auna kowane abu, yana zana inda ya same shi kafin ya ɗaga. Ɗalibanmu za su yi sha'awar jin cewa a wannan gida an shirya wa 'yan makarantar sakandare zangon koyon haƙa a lokacin hutu, suna aiki a ƙarƙashin ƙwararru.

Kusa da nan akwai idon ruwa da ake kira Maɓuɓɓugar Bitrus Mai Tsarki. Beuvray yana da idanun ruwa da dama, abin da ya sa dubban mutane suka iya zama a kansa. A cikin wannan an sami tsabar kuɗi da sauran abubuwan da mutane suka jefa domin neman biyan bukata.

Saman Tsauni Da Shekara Ta 52

Idan muka kai sama, itatuwa sukan buɗe, a hangi kwaruruka da tuddan Morvan. A nan ya dace mu tsaya mu tuna da abin da ya sa sunan birnin ya shiga tarihi.

A 58 K.H.A. wata ƙabila mai suna Helbetiyawa ta taso daga ƙasar da ake kira Suwizalan a yau, za ta yi ƙaura zuwa yamma ta cikin gonakin Eduwawa. Eduwawa suka nemi taimakon Kaisar. Ya zo, ya ci Helbetiyawa a wani yaƙi kudu da Bibrakte, amma bai koma gida ba. Shekara shida yana cin ƙabila bayan ƙabila, Eduwawa suna ba shi hatsi da mahaya.

A 52 K.H.A. wani saurayi daga ƙabilar Arberniyawa, mai suna Vercingetorix, ya tayar da ƙasar. Da ya kori Kaisar daga Gergobiya, sai Eduwawa ma suka juya wa Roma baya. Aka kira taron dukan Galiya a Bibrakte, ƙabilu kaɗan ne ba su zo ba. Eduwawa sun so a ba su jagorancin yaƙin, amma taron ya tabbatar da Vercingetorix. Bayan 'yan watanni Kaisar ya kewaye shi a Alesiya, yunwa ta ci ƙarfin mutanensa, rundunar da ta zo ceto ta kāsa, ya miƙa kansa. An tsare shi a Roma shekara shida, aka kashe shi a 46 K.H.A.

Kaisar bai ƙone Bibrakte ba. Yana bukatar Eduwawa, saboda haka ya mayar musu da mutanensu da aka kama, shi kuma ya zo ya yi hunturu a birninsu. Littafin da ya rubuta, Labarin Yaƙin Galiya, domin mutanen Roma ya yi shi, su ga cewa yaƙin ya zama dole, shi kuma ya cancanci girma. Ya kira Bibrakte birni mafi girma da wadata na Eduwawa, amma bai ɓata tawada a kan titunanta ko maƙeranta ba.

Me Ya Sa Aka Tashi?

Abin mamaki, bayan yaƙin ne birnin ya fi bunƙasa. Masana suna ƙiyasta mazaunansa tsakanin 5,000 da 10,000. Amma wajen shekara ta 15 K.H.A., a zamanin Kaisar Agustas, wanda Luka ya ambata a labarin ƙidayar da aka yi lokacin haihuwar Yesu, aka kafa sabon birni a kwarin kogin Arroux. Aka sa masa suna Agustodunum, watau birnin Agustas, shi ne Autun ta yau. Cikin 'yan shekaru goma-goma jama'a suka sauka suka koma can.

Dalilan a fili suke ga duk wanda ya hau Beuvray da ƙafa. Hawan yana da wuya ga keken shanu, sanyi da hazo suna da tsanani, sababbin hanyoyin Romawa kuma ta kwari suka bi. Da yaƙe-yaƙen ƙabilu suka ƙare, amfanin zama a kan tsauni ya ragu. Sabon birnin yana da ganuwa mai wajen kilomita 6, da gidan wasa, da makarantu. Biyu daga ƙofofinsa suna nan tsaye har yau. Marubucin Roma Tasitus ya nuna cewa a shekara ta 21 bayan haihuwar Almasihu 'ya'yan manyan Galiya suna karatu a can, a shekara ta 48 kuma Eduwawa ne Galiyawan wannan yanki na farko da aka ba damar shiga majalisar dattawan Roma. Jikokin mutanen da suka yi shekara 20 suna haddace karatun duruwid sun koma koyon Latin, a hankali harshensu ya mutu. Faransancin yau daga Latin ya fito, kalmomin Galiyanci kaɗan ne suka saura a cikinsa.

Ba a bar tsaunin gaba ɗaya ba. Wani ɗakin tsafi ya ci gaba a samansa, daga baya aka gina ɗakin sujada na Martin Mai Tsarki a gurbinsa, ana kuma cin wata babbar kasuwa a wurin kowace shekara a farkon watan Mayu, ƙarni bayan ƙarni. Tashin da aka yi shi ne ya adana birnin. Paris da Bourges ma garuruwan Galiyawa ne, amma an yi ta gini a kansu shekara dubu biyu. A Beuvray kuwa ciyawa da ganye ne kawai suka rufe shi.

Abin Da Za Mu Riƙe

Wanda ya sauko daga Beuvray ya ji ta bakin shaidu biyu. Littafin ya ba mu sunaye da shekaru da abin da aka ce a majalisa, waɗanda ƙasa ba za ta taɓa faɗa ba. Ƙasar kuma ta ba mu maƙeri da murhunsa, da mai tukunyar da ya karce sunansa, da attajirin da ya rushe gidan ubansa ya gina irin na baƙi. Ɗalibin tarihi ba ya yar da ɗaya domin ɗaya. Yakan tambayi kowane rubutu: wa ya rubuta, domin wa, me yake nema? Sa'an nan ya nemi wata shaida ya gwada.

Ba kowa ne a cikinmu zai sami zuwa Burgundi ba, amma ƙasarmu cike take da kufai, kamar Surame, da tsofaffin ganuwowin da ke kewaye da Kufena, da tuddan da kakannin yawancinmu suka zauna kafin su sauko kwari. Idan kun je irin waɗannan wurare a lokacin hutu, ku tuna cewa manoman Morvan ne suka riƙe labarin Bibrakte sa'ad da masana suke nemanta a wani wuri. Ku zauna da tsofaffi, ku rubuta abin da suka faɗa, da sunan wurin, da ranar da kuka ji. In kuka ga katangar tukunya ko kashin ƙarfe a ƙasa, ku zana shi, ku bar shi inda yake, ku sanar da malamin tarihi ko ma'aikatan gidan adana kayan tarihi mafi kusa, gama abin da aka ɗauke daga gurbinsa ya rasa rabin labarinsa.